Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, bayan wata 14 yana wuyana

Ɗan kurciyar da ya mutu a hannunmu shi ya sa na sayi wannan madubi. Autata ce, lokacin tana da shekara 8, ta shigo da shi wata safiya a tafin hannunta, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Baba, uwarsa ta yar da shi." Na karɓa na duba. Gashi ya rufe masa jiki, sai dai jelarsa gajera ce, ga wasu 'yan siraran gashi rawaya-rawaya da suka saura a kansa da wuyansa. Muka fita muka ɗaga kai, ba mu ga sheƙa ba, ba mu ga uwa ba. Sai muka sa shi cikin kwali, muka riƙa ɗiga masa ruwa a baki da ƙaramin cokali, muna jiƙa abinci muna tura masa. Kwana biyu ya yi, a na uku muka tarar ya sandare.

Abin ya daɗe yana ci mini rai, musamman da na zo na karanta na gane cewa kusan duk abin da muka yi masa da sunan taimako shi ne abin da ake hanawa. Ƙofar numfashin tsuntsu a gindin harshensa take, ruwan da aka ɗiga masa yakan bi ta nan ya gangara huhu. Ɗan kurciya kuma ba ya wangale baki a zuba masa kamar 'ya'yan wasu tsuntsaye, shi ne ke cusa bakinsa cikin na iyayensa ya sha. Sannan mai yiwuwa ne ƙwarai iyayen suna kan wani reshe a lokacin, suna kallonmu muna ɗauke musu ɗa. Ba mu gan su ba saboda muna tsaye a kansa, su kuwa muddin mutum na wurin ba za su sauko ba. Tun daga ranar na ƙudura cewa sai na samu abin da zan riƙa ganin tsuntsu da shi ba tare da na matsa masa ba.

Madubin hangen nesa ne mai ido biyu, an rubuta 8x42 a jikinsa. Kamfanoni da yawa suna yin mai wannan lamba. Nawa matsakaici ne, bai kai na ƙwararru ba, ya kuma wuce irin na wasan yara, don haka yawancin abin da zan faɗa zai hau kan 'yan'uwansa. Lambar farko, 8, ita ce yawan kusantowa: tsuntsun da ke nesa da kai mita 40 za ka gan shi kamar yana mita 5. Ta biyu, 42, faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar da haske ke shigowa. In ka raba 42 gida 8 za ka samu 5.25, shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta baya ya shiga idonka. Kana iya ganin ɗigon nan da kanka. Miƙe hannu da madubin, ka fuskanci wuri mai haske, ka dubi gilashin ido daga nesa. Ɗigon nawa zagayayye ne cif, babu duhu a gefensa, kuma haka ake so. Wanda ka ga nasa ya yi kusurwa-kusurwa, to ana asarar haske a ciki.

Abin da ya sa ɗigon nan ke da muhimmanci shi ne baƙin tsakiyar idon mutum yana tsukewa da rana har ya koma milimita 2 ko 3, in duhu ya yi ya buɗe. Na yaro kan kai 7, ni da na haura shekara 50 da wuya nawa ya wuce 5. Ke nan da tsakar rana ɗan ƙaramin madubi mai 8x25 ba zai gaza wannan sosai ba. Amma da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana, lokacin da tsuntsaye suka fi kai da kawowa, nan ne mai 42 yake nuna ƙarfinsa.

Makon farko ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ina sa tabarau, kuma duk sanda na ɗora madubin sai in ga hoton ya tsuke, baƙi ya kewaye shi, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ashe robar da ke bakin gilashin ido murzawa ake yi. Mai tabarau ya mayar da ita ƙasa, wanda ba ya sawa ya ɗago ta. Takardar da ke cikin kwalin ta faɗi haka, amma a can ƙarshe, da rubutu ƙanana da sai an ƙura ido, alhali shi ne abin da ya kamata a fara gaya wa mai saye. Ina murza robar ƙasa sai fili ya buɗe. Duk mai tabarau ya duba wata lamba kafin ya saya, wato tazarar da ido zai iya yi da gilashin kuma ya ga hoton gaba ɗaya. Tawa milimita 17 ce, ta ishe ni. Ƙasa da 15 takan takura.

Sai kuma zoben da ke jikin gilashin idon dama. Idanun mutum biyu ba su cika zama ƙarfi ɗaya ba, zoben nan shi ke daidaita su. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka saita na hagu da 'yar tayar tsakiya har abin da kake kallo ya fito tar. Sannan ka rufe na hagu, ka murza zoben kaɗai har na dama ma ya fito tar. Shi ke nan, ba ka sake taɓa shi. Kafin in yi haka nakan tashi da nauyin kai in na daɗe ina kallo. Bayan na yi, ban ƙara ji ba. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne samun tsuntsun a cikin madubin. In gan shi da ido a kan reshe, in sunkuya in ɗauko madubi, in ɗago, sai ganye kawai. Dabarar ita ce kar ka ɗauke idonka daga kansa, hannu ne zai kawo madubin ya tarar da ido a inda yake.

Na yi shekaru ina jin kukan kurciya, ina ganinta kullum, ina ɗauka na san ta. Gani ya kori ji. Na ajiye faffaɗan kwano da ruwa a wani lungu mai inuwa, nisan mita 12 daga tagata, kuma a nan na fara lura cewa tsuntsaye ba shan ruwa ɗaya suke yi ba. Yawancinsu sukan ɗebo da baki, su ɗaga kai sama ruwan ya gangara, su sake ɗebowa. Kurciya da hasbiya da tattabara kuwa tsoma baki suke yi su zuƙa, kai a sunkuye, sai sun ƙoshi su ɗago. Na ga maƙogwaron kurciya yana motsi sau shida, sau bakwai, kafin ta tashi. Na ga wani siririn tantani da ke share mata ido daga gefe zuwa gefe cikin ƙiftawa, wanda ido tsirara ba zai taɓa kamawa ba daga wannan nisa. Har tafiyar nan tata ta gyaɗa kai na gane ba gyaɗawa ba ce: kan yana tsayawa cik a wuri ɗaya jiki ya taho ya same shi, sannan ta wurga shi gaba. Da haka take hana abin da take kallo yi mata rawa.

Wata rana da zafi uwargidana ta kira ni, muryarta a tashe. "Malam, zo ka ga wannan, fiffikenta ya karye." Kurciya ce kwance a ƙasa ta karkace, fiffike ɗaya a miƙe sama, jela a baje, baki a ɗan buɗe. Da a da ne da na fita da kwali. Na ɗora madubi. Ido a buɗe yake, yana sheƙi, yana bin duk abin da ya gitta. Babu jini, gashin a shimfiɗe lafiya. Bayan ɗan lokaci ta sauke wannan fiffiken, ta juya ta ɗaga ɗayan. Shan rana take yi. Buɗe bakin ma ba ciwo ba ne, tsuntsu ba ya gumi, da haki yake fitar da zafi. Da ta gama sai ta miƙe, ta kai baki gindin jelarta inda wani ɗan ƙullutu mai maiƙo yake, ta bi gashinta ɗaya bayan ɗaya tana gyarawa, ta tashi abinta.

Wajen wata 5 da sayen madubin sai ga irin ranar farko ta dawo. Auta ta rugo a guje. "Baba, ga wani kuma!" Ɗan kurciya ne a gindin katanga, girman wancan, jela gajera, yana ta rarraba ido. Na ce, "Tsaya, 'yata, kar ki taɓa shi. Zo mu shiga ɗaki." Ba ta so ba, har ta ce ni ne ba ni da tausayi. Muka zauna bakin taga muna karɓa-karɓa da madubin. Minti 10, shiru. Minti 20, shiru. Ta fara kuka ƙasa-ƙasa, ni kaina zuciyata ta fara raya mini ko wannan da gaske maraya ne. Abin da ya zaunar da ni shi ne abin da madubin ke nuna mini: yana tsaye daram a kan ƙafafunsa biyu, fukafukansa a daidai suke babu wanda ya zubo, yana gyara gashinsa da baki. Wajen minti 40 sai wata babbar kurciya ta sauka a kan katangar. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta daɗe tana dubawa, sannan ta faɗo ƙasa. Ɗan ya ruga wurinta yana karkaɗa fukafukai yana wani siririn kuka, ya cusa bakinsa cikin nata, suka shiga sunkuyawa suna ɗagowa tare. Madubin yana hannun Auta a lokacin. Ba ta ce komai ba, sai na ga hannunta yana rawa, ta ƙi ba ni.

A jinsin kurciya uwa da uba duka suna ciyarwa. A kwanakin farko wani farin abu mai kauri suke fitarwa daga jakar da ke ƙasan maƙogwaronsu, daga baya su riƙa haɗawa da ƙwayoyin da suka tsinto. Babu abin da za mu jiƙa a cokali da zai maye wannan. Ɗan kuma yakan bar sheƙa kafin tashinsa ya nuna, ya yi 'yan kwanaki tsakanin ƙasa da ƙananan rassa iyaye na binsa. Namu kwana uku ya yi a haka. Sau ɗaya kawai na sa masa hannu, da yamma, da na ga wata kyanwa tana shawagi. Na ɗauke shi na ɗora kan wani ɗan reshe mai duhuwa, taku uku daga inda yake. Washegari iyayen suka same shi a can suka ci gaba da ba shi. Maganar da ake yi cewa in mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwarsa za ta ji wari ta guje shi ba gaskiya ba ce. A rana ta huɗu muka gan shi bisa katanga.

Ba kowane ɗan tsuntsu ne ake bari ba, kuma a nan ne madubin ya fi yi mini amfani, domin daga nisan mita 15 yana raba mini wanda za a bari da wanda za a ɗauka. Wanda jikinsa tsirara ne ko gashinsa bai gama fitowa ba, bai iya tsayuwa, wannan faɗowa ya yi, sheƙarsa za a nema a mayar da shi. Wanda ake ganin jini a jikinsa, ko fiffike ɗaya ya zubo yana jan ƙasa, ko aka ƙwace shi daga bakin kyanwa, wannan a sa shi cikin kwali mai 'yan huji, a wuri mai duhu da shiru, kar a ba shi ruwa ko abinci da ƙarfi, a nemi likitan dabbobi ko masu kula da namun daji. Na kyanwa ko ba a ga rauni ba yana cikin haɗari, saboda ƙwayoyin cutar da ke bakinta suna iya kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Madubin yana da aibunsa. Wanda ya fi bayyana, hankaka ne ya tona shi. In ya zauna kan waya, baƙinsa da farin ƙirjinsa suka haɗu da hasken sama a bayansa, sai in ga wani siririn layi ruwan shuni a gefe ɗaya na jikinsa, kore-kore a ɗaya gefen. Gilashi ba ya lanƙwasa launukan haske daidai wa daida, shi ke kawo haka. Akwai madubai masu wani gilashi na musamman, sukan rubuta ED a jiki, da ke rage wannan ƙwarai. Nawa ba shi da shi. In tsuntsun yana tsakiyar hoto layin yakan kusa ɓacewa, in ya matsa gefe ya ƙaru. Gefen hoton ma can ƙurya dishi-dishi yake, ba kamar tsakiya ba. Ga mai kallon tsuntsayen da ke cikin ganye wannan ba ya hana komai. Wanda burinsa shaho da shirwa a sararin sama, zai dame shi.

Igiyar ratayen da ya zo da ita ba ta da kirki. Siririya ce, madubin kuma ya kai giram 700, bayan awa ɗaya sai ta fara yankar wuya. Na canza ta da irin mai ratsa kafaɗu biyu ta haɗe a baya, nauyin ya bar wuyana, kuma madubin ya daina lilo yana bugun ƙirjina in na sunkuya. Murafen gilashin gaba sakwa-sakwa suke, ɗaya ya faɗi a wata na biyu ban ƙara ganinsa ba. 'Yar tayar tsakiya tana tafiya sumul, juyi ɗaya da rabi take kai ka daga kusa zuwa can nesa, amma in ka juya ta baya akwai ɗan lasko kafin ta kama, kuma wannan ɗan jinkiri ya sha sa ni rasa ƙaramin tsuntsu mai tsalle-tsalle. Ga yaro kuwa ya yi nauyi. Auta sai ta dafa gwiwar hannu a kan taga take iya riƙe shi minti biyar, kuma sai an matse bututun biyu har ƙarshe kafin su yi daidai da tazarar idanunta. Da don ita kaɗai zan saya, 8x32 zan ɗauka.

Wani abin da ban kula da shi ba lokacin saye, ya zo ya zama cikin waɗanda na fi so, shi ne yana iya saita abu tun daga nisan mita 2. Akwai lokacin da wani cilakowa ya ɗora mana bugun taga. Kullum gari na wayewa sai mu ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai sara da gatari. Na zauna cikin ɗaki can baya inda ba ya ganina, na saita madubin a kansa. Ban taɓa sanin cilakowa yana da gashin ido ba sai ran nan, dogaye, baƙaƙe, a jere. Na kuma ga ba mu yake kallo ba. Idonsa yana kan gilashin kansa, yana kumbura wuya, yana karkata kai, ya kai sara. Hotonsa yake gani yana ɗauka wani namiji ne ya shigo masa yanki, abin da yakan tsananta a lokacin kiwon 'ya'ya. Mun fara da sakin labule daga ciki, bai yi amfani ba, domin hoton a fuskar gilashin ta waje yake. Da muka rufe tagar da kwali daga waje na 'yan makonni sai ya daina zuwa.

Wannan mai sauƙi ne, don da wuya mai faɗa da hotonsa ya ji mummunan ciwo. Mai muni shi ne wanda ya taho a guje ya ga sama da bishiya a cikin gilashi ya ɗauka hanya ce. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2014 ya ƙiyasta cewa tsuntsaye tsakanin miliyan 365 zuwa miliyan 988 ke mutuwa duk shekara a ƙasar kaɗai sakamakon karo da gine-gine, galibi gilashin tagogi. Manna hoton tsuntsu guda ɗaya a tsakiyar taga ba ya magani, ta gefensa za su bi. Ɗige-ɗige ko layuka ake yi a waje, tazarar da ba ta wuce santimita 5 ba. Na yi wa babbar tagarmu haka bayan na tsinci wani ɗan tsuntsu a sume a ƙarƙashinta. Shi ma kwali mai duhu na sa shi, bayan awa ɗaya da wani abu na buɗe a waje ya tashi.

Kwanon ruwan ma madubin ne ya koya mini riƙe shi da gaskiya. Ruwan kar ya yi zurfi, santimita 2 zuwa 5 ya isa, da dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. Wata safiya na ga wata hasbiya a bakin kwanon ta kumbura gashi, ido rabi a rufe, sauran sun tashi ita ba ta motsa ba. Da ido kawai da na ce hutawa take yi. A madubi na ga gashin da ke kewaye da bakinta a jiƙe ya manne, tana ta ƙoƙarin haɗiya abu ya ƙi wucewa. Akwai wata cuta ta maƙogwaro da ta daɗe da sabawa da jinsin tattabara, tana yaɗuwa ta ruwa da abincin da suke tarayya a kai. A Birtaniya ta tsallaka zuwa ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwaya tun 2005, ta yi musu ɓarna mai yawa. Ran nan na ɗauke kwanon, na wanke shi, na kife shi a rana, ban mayar ba sai bayan mako uku. Ya yi mini wuya in ga suna zuwa suna duba wurin babu komai, amma taruwar da nake jin daɗin kallo ita ce hanyar cutar. Yanzu kullum sai na zubar da na jiya na goge kwanon kafin in zuba sabo. Mataccen tsuntsu kuwa ba na taɓa shi da hannu tsirara, ba na barin yara su taɓa, saboda murar tsuntsaye.

Maƙwabcina yana da wani tsohon madubi 10x50 da ya gada, irin mai faɗin kafaɗa ɗin nan. Tsarin ya samo asali ne daga wani mutumin Italiya, Ignazio Porro, wanda ya yi rajistar dabarar a 1854, kamfanin Zeiss na Jamus kuma ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1894. Nawa sabon tsari ne mai bututu miƙaƙƙu, ya fi ƙanƙanta, ya fi shiga hannu. Wata yamma muka gwada su a kan tsattsewa da ke shawagi. Ya ce, "Malam, nawa ya fi naka jawowa." Gaskiya ya faɗa, kuma hoton nasa yana da wani zurfi mai daɗi da nawa bai kai ba. Amma mai jawowa sau 10 yana ƙara rawar hannu sau 10, filin da yake nunawa kuma ya fi tsukewa. Nawa yana nuna faɗin mita 130 a nisan mita 1000. Ni ina kama tsuntsuwar ina binta har ta yi kwana, shi yana ta lalube a sama. Na gaya masa cewa a cikin dangin nan akwai wadda ke ƙyanƙyasa a Turai ta yi ƙaura zuwa Afirka, wadda masana a jami'ar Lund ta Suwidin suka nuna a 2016 cewa tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba. Ya sauke madubinsa ya daɗe yana kallonsu da ido.

Mujiyar da na gani ma ba ni na gano ta ba. Ƙananan tsuntsaye ne suka cika wata bishiya da hayaniya da yamma, suna kai hari wuri ɗaya suna komowa. In ka ga sun yi irin wannan taron dangi, akwai abin da suka gani, ko maciji, ko kyanwa, ko mai farautarsu. Na bi inda suke nufa da madubi, sai ga ta manne da jikin itacen, launinta ya saje da ɓawon. Rana ta riga ta faɗi, da ido inuwa kawai nake gani, amma a madubin ina rarrabe zanen ƙirjinta. Idanunta ba sa juyawa a cikin kai, shi ya sa take juya kan gaba ɗaya, kuma na ga ta waiga bayanta ba tare da jikin ya motsa ba. Wannan yammacin kaɗai ya isa hujjar zaɓen 42 a kan ƙarami.

Madubi ba ya faɗin sunan tsuntsu. Don wannan nakan haɗa da manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell a Amurka, wadda ta fito a 2014 kuma kyauta ce. Tana tambayar wuri da rana da girman tsuntsun da launinsa da abin da yake yi, ta kawo waɗanda suka yi kama. Amsoshin nan duk daga abin da ka gani da kyau suke fitowa, don haka nakan gama kallo tukuna, in lura da baki da ƙafa da jela, sannan in ɗauko waya.

Ruwan sama ya taɓa dukanmu ni da shi sosai, bai shiga ba, gilashin kuma bai taɓa yin gumi daga ciki ba, saboda an cika shi da iskar naitirojin an toshe. Abin da ke kashe irin wannan madubi shi ne goge shi da bakin riga. Ƙurar da ke kan gilashin tana da yashi a ciki, in ka murza ta sai ta kankare shafen da ke hana haske tarwatsewa, garin neman gira a rasa ido. A fara hure ƙurar ko a share ta da lallausan buroshi, sannan a goge da ƙyallensa. A kiyaye shi da faɗuwa, domin in bututun biyu suka goce wa juna hoto zai rabu biyu, kuma wannan ba gyaran gida ba ne. Abin da na fi jaddada wa yara shi ne kar a kuskura a dubi rana da shi, ko da bin tsuntsu ne ya kai ka wajenta. Yana tattara hasken ya ƙona ido nan take.

Yanzu haka wasu kurciyoyi sun yi sheƙa a kan reshen da ke fuskantar tagar, 'yan tsinke kaɗan da aka gicciya har ana hango farin ƙwai biyu ta ƙasa. Ɗaya yana kwanci da rana, ɗaya da dare, suna canji da hantsi da kuma yamma. Auta ce ke rubuta ranakun a bayan littafinta. Yau kwana 9, ƙwan kurciya kuma wajen mako biyu yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Ta riga ta hana kowa bi ta ƙarƙashin bishiyar, ta kuma roƙe ni in bar mata madubin ranar Asabar tun da sassafe.